Yadda za ka tada babur ɗin da ya daɗe a jingine, a tsakar gidanka

Babur ɗin mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, damina uku ya yi a zauren gidanmu da ke unguwar Bagalam, lulluɓe da tsohuwar tabarma. Kasea ne 125, irin waɗanda ƴan kabu-kabu suka cika titunan Maraɗi da su. Babu wanda ya taɓa shi har aka yi rabon gado, ya faɗo a kasona. Ranar da na yaye tabarmar, kafin in ce uffan ƙanena ya riga ya ɗora ƙafa a kan kik. Na riƙe masa riga na ce ya sauka.

Ina da dalili. Wani maƙwabcinmu ya taɓa dawowa daga ci-rani bayan shekara biyu, ya tarar da nasa babur yadda ya bar shi. Ya zuba mai, ya tara yaran unguwa suka yi ta tura shi a kan layi har ya kama. Kwana biyu yana yawo da shi yana tuƙa hayaƙi, a na uku ya tsaya cak. Da aka buɗe injin, jikin silinda duk ya karce, sai da ya sayi fistin da zobbansa sabbi. Zaman shekara biyun bai yi wa injin wannan ɓarna ba. Mintocin farko na ranar da aka tashe shi ne suka yi ta.

In babur ya daɗe a tsaye, man inji yakan tsiyaye gaba ɗaya ya koma ƙasa, ya bar saman injin a bushe. Danshin damina ya shiga ta salansa da wajen shan iska, ya ɗora wa jikin silinda siririyar tsatsa. Zobban fistin su manne a mazauninsu. In ka buga kik a haka, ƙarfe ne zai goga ƙarfe ba mai a tsakani, tsatsar kuma ta zama kamar yashi. Don haka kik shi ne aiki na ƙarshe. Ka ware wa aikin kwana uku ko huɗu, ko da awa bibbiyu ne da safe kafin rana ta buɗe.

Abin da za ka tanada

Sifana lamba 8, 10, 12, 14, 17 da 24, sifanar buji, sukudireba mai baki ɗaya da mai gicciye, filaya, tsohon burushin haƙori, tsummoki masu yawa, kalanzir kamar lita 2, man inji lita 2, buji sabo, sabon tiyon mai da ƴar matatar mai ta roba da ake sa wa a tsakiyar tiyo. A rumfunan kayan babur na garin nan kusan kowane abu suna biyu gare shi, ɗaya daga Faransanci ɗaya daga ƙetaren iyaka: buji ko fulogi, moto ko mashin, ralanti ko silo (wato aikin inji a hankali ba a ja totur ba). Kowanne ka faɗa za a gane. Abin da ya fi sauƙi dai ka tafi da tsohon a hannu, ka ce irin wannan kake so.

Ka shimfiɗa buhu ko leda mai faɗi a ƙarƙashin babur ɗin, ka ajiye tire guda na zuba kusoshi. Tsakar gidajenmu rairayi ne, kuma akwai abubuwa a cikin kafireta, wadda ke haɗa wa inji fetur da iska, da ba su kai ƙwayar wake ba. In ɗaya ya faɗa cikin rairayi, ka yi bankwana da shi. Duk abin da za ka kwance, ka fara ɗaukar hotonsa da waya.

Sannan ka zaɓi wuri nesa da murhu. Wannan ba maganar wasa ba ce. Tururin fetur ya fi iska nauyi, ƙasa-ƙasa yake bi, yana iya tafiya ya tarar da garwashin da aka bari bayan tuwon dare. Ka gaya wa matan gida ranar da za ka buɗe tanki, ka kori yara, kada kowa ya zo maka da taba.

Ranar farko: duba da ido, da cokalin mai

Kada ka fara cusa hannu ƙarƙashin kujera ko bayan murfin gefe. Ka sa sanda ka bubbuga tukuna, domin kunama na son irin wannan wuri. Ka cire kujera da murafun gefe biyu, ka bi wayoyi da ido ko ɓera ya ci. Ka leƙa bakin salansa da akwatin iska. A namu, zanzaro ya gina ɗakinsa na laka a bakin salansa, ya kuma toshe siririn tiyon da ke sauka daga kafireta. Salansar da ta toshe tana hana inji tashi ko da komai nasa lafiya yake, mutum ya yi ta neman matsala a inda ba ta. Ka kakkaɓe ƙura da busasshen tsumma. In za ka wanke da ruwa, ka ɗaure bakin salansa da leda.

Yanzu buji. Kafin ka kwance shi, ka goge kewayensa da burushi ka hure, don kada yashin da ya taru a wurin ya zube cikin inji. In ya fito, ka zuba man inji cokalin shayi ɗaya ko biyu ta ramin, ka mayar da bujin da hannu sama-sama, ka tafi harkarka. Aikin ranar ya ƙare. Man yana buƙatar dare guda ya ratsa gefen fistin ya jiƙa zobba.

Washegari ka cire bujin, ka tabbata babur yana furi, wato ba ya cikin giya, ka danna kik da hannunka, a hankali. Hannu nake nufi, domin hannu yana jin abin da ƙafa ba ta ji. In ya sauka sumul, ka gode wa Allah, mafi girman fargaba ta wuce. In ya cije, kada ka hau kansa da nauyinka. Ka haɗa kalanzir da man inji rabi da rabi, ka zuba ta ramin bujin, ka bari kwana biyu ko uku. Daga nan ka sa giya ta sama, ka riƙa jijjiga tayar baya gaba da baya kaɗan-kaɗan. Da yawa sukan saki a haka. Wanda ya yi mako bai motsa ba, ya wuce aikin gida, sai an buɗe kan injin a gareji.

Man inji

Ka sa roba a ƙasa ka kwance kusar juye mai. Mai mai sanyi ba ya saurin fita, ka ba shi rabin awa, ka karkata babur ɗin hagu da dama. Yawancin injinan 125 na ƙasar Sin da muke hawa an kwaikwayo su ne daga Honda CG125, kuma a irinsu akwai wani babban murfi mai ɗaukar sifana 24 a ƙasan injin ta hagu. Bayansa akwai sifirin da ƴar raga mai tace mai. Ka lura da yadda suka fito, ka wanke ragar da kalanzir, ka mayar da ita yadda take.

Kada ka zubar da tsohon man sai ka dube shi a rana. In ya yi kalar shayi da madara, ruwa ya shiga. In yana warin fetur kuma ya tsinke, kafireta ce ta yi ta yoyo cikin inji. In ka murza shi da yatsa ka ga yana ƙyalli kamar an barbaɗa garin ƙarfe, injin yana da ciwo tun kafin a ajiye shi, ka san da haka kafin ka kashe kuɗi da yawa.

Irin waɗannan injina kusan lita 1 suke sha. Da zafin garinmu, wanda ke haura digiri 40 a Afrilu da Mayu, mai lamba 20W-50 ya dace. Ka nemi wanda aka rubuta 4T da JASO MA a jikinsa, domin kulocin babur a cikin man injin yake wanka, kuma wasu mayukan mota suna sa shi santsi. Ka sayi na galan a rufe. Man da ake aunawa a kwalba ba ka san abin da aka gauraya masa ba, kuma araha ba ta ado. Wajen aunawa, ka tsayar da babur a miƙe, ka goge sandar awo, ka zura ta ba tare da ka murɗa ba.

Bayan ka zuba sabon, buji yana waje, ka rufe ramin da tsumma ka danna kik sau 20 zuwa 30. Wannan zai fitar da ragowar man da ka zuba jiya, ya kuma sa famfon inji ya fara tura mai sama. Ka toshe ramin da babban yatsa ka sa wani ya danna kik: in iska ta ture yatsan da ƙarfi, injin yana da numfashi.

Tanki

Ka buɗe murfin ka shinshina. Fetur ɗin da ya shekara ba ya warin fetur, wani wari yake mai tsami kamar tsohon fenti, kalarsa ta koma ta shayi. Sassansa masu saurin kama wuta sun riga sun tashi a iska, abin da ya rage wani danƙo ne mai toshe duk inda ya kwana. Ko ɗigo kada ka bari ya shiga inji.

Ka rufe famfon mai, ka zare tiyo, ka kwance kusar da ke riƙe da tanki ta baya, ka ja shi ya fita. Ka juye abin da ke ciki a galan. Ka kwance famfon ma. Yana da ƴar raga a kansa da ƙaramin kofi a ƙasa, duk ka wanke. Sai ka haska cikin tankin da fitilar waya. Ashana ko kyandir kada ma su zo maka a rai, domin tankin da babu mai a ciki ya fi cikakke haɗari.

In ciki fari ne, ɗauraya da sabon fetur kaɗan ta isa. Amma da wuya ka same shi haka. Tankin da aka bari rabi yana shaƙar iska mai danshi, danshin ya zama ruwa da dare, ruwan kuma ya fi fetur nauyi sai ya kwanta a ƙasa ya yi ta cin ƙarfe. Namu da na haska, ƙasansa ja wur kamar jan laka. Ga abin da na yi. Na toshe ramin famfon, na zuba kalanzir rabin lita da notuna cikin tafin hannu, na ƙirga su kafin in zuba don in san sun fito duka. Ni da ƙanena muka yi ta girgiza shi muna juyawa har hannu ya gaji, muka juye, muka sake har sau uku. Sannan na cika shi da binegar, ruwan tsamin nan na kanti, ya kwana ya wuni. Da na juye, ƙarfen ya fito fari.

A nan ne mutane ke kuskure. Tsamin da ya ci tsatsa, in ka bar shi zai ci gaba da cin ƙarfen, kuma tankin da aka wanke yana sake yin ja cikin awa guda. Ka jiƙa kanwa a ruwa, ka tace, ka ɗauraye tankin da ita don ta kashe tsamin, ka bi da ruwa mai tsabta. Ka kife shi ya tsiyaye, ka shanya a rana tsaka da baki a buɗe har ya yi zafin da ba ka iya riƙewa. Yana bushewa ka zuba fetur kaɗan da cokalin man inji ka girgiza ya shafe ko'ina.

In bayan wanki ka ga yana tsattsafo ta ƙasa, tsatsa ta huda shi. Ka nemi wani tankin. Ban yarda a kai tankin mai wurin mai walda ba.

Tsohon tiyo ya riga ya ƙeƙashe, ka sa sabo, da ƴar matatar nan a tsakiya, kibiyarta tana kallon kafireta. Batun fetur kuma, na farkon nan ka saye shi a gidan mai. Mun saba da na ƴan ruwa-ruwa a kwalba, ko da yake cinikin ya canza tun da Najeriya ta cire tallafin mai a watan Mayun 2023. Kwalbar da ta wuni a bakin titi ba ta rasa ƙura. In shi kaɗai ka samu, ka tace da ƙyalle mai tsabta.

Kafireta

In babur da ya daɗe a ajiye ya ƙi tashi, nan ne na fara zargi, kuma nan ne ya kamata ka fi ɓata lokaci.

Ka murɗe murfin sama ka zaro silindar totur da allurarta, ka bar su rataye a jikin waya, nannaɗe cikin tsumma. Ka sassauta ɗaurin robar iska, ka kwance notuna biyu da ke haɗe ta da inji, ka ciro ta. Ka toshe bakin injin da tsumma. Ka zauna a kan shimfiɗarka, ka kife ta, ka kwance kusoshin kofin ƙasa. Kusoshin nan ƙarfensu laushi gare shi; ka danna sukudireba da ƙarfi kafin ka juya, in sun ƙi ka ɗan ƙwanƙwasa kan sukudireban. In ka cinye kansu ka ƙara wa kanka aikin yini.

A cikin kofin za ka tarar da danƙo ja ko kore, wani lokaci da farin gari. Za ka ga fulot, abin nan mai yawo a kan mai, rataye da siririn ƙarfe. Ka zare ƙarfen, fulot ya fito da ƴar allurarsa mai baƙin kai. Wannan allura ita ce ke rufe hanyar mai in kofi ya cika. In kanta ya yi zobe ko ya ƙeƙashe, ka canza ta, in ba haka ba babur zai riƙa zubar da mai a tsaye. Ka girgiza fulot a kunne. In ka ji ruwa a ciki, ya huje.

Sai jet guda biyu na tagulla, ƙananan kusoshi masu huda da fetur ke bi ta ciki. Babban yana tsakiya, shi ke ba da mai in an ja totur. Ƙaramin, dogo siriri, yana gefensa a cikin rami, shi ke riƙe da tashi da silo. Ka kwance su duka ka jiƙa a sabon fetur ko kalanzir. A gefen kafireta akwai kusoshi biyu masu sifirin: ɗaya ta ɗaga silo, ɗaya ta daidaita haɗin iska da mai. Kafin ka cire ta biyun, ka murɗa ta ciki a hankali kana ƙirga juyi har ta zauna, ka rubuta adadin. Galibi tsakanin juyi ɗaya da rabi ne zuwa biyu. Haka za ka mayar da ita.

Ni na yi duk wannan, na haɗa, babur ya ƙi zama a kunne sai da cok, abin nan da ake ja ya rage wa inji iska lokacin tashi. Na kwance na sake, haka dai. Na ɗauki kafiretar a leda na kai wa wani dattijon makanike da ya san mahaifinmu. Bai taɓa komai ba sai ƙaramin jet ɗin. Ya ɗaga shi sama ya kanne ido ɗaya, ya miƙo mini.

"Ɗana, duba nan. Ka ga rana ta ciki?"

Na ce, "Baba, ai na jiƙa shi, na kuma hura."

Ya ce, "Na ji. Ka ga rana?"

Ban gani ba. Ya yanko guntun wayar lantarki, ya zaro silin tagulla guda ɗaya, siriri kamar gashi, ya yi ta murza shi a hankali har ya ɓulla ta ɗaya gefen. Da na sake ɗagawa sai ga ɗigon haske, zagayayye, ƙarami kamar kan allura. Wannan ɗigon ne ya hana ni barci kwana biyu.

To, kai ma kada ka mayar da jet sai ka ga rana ta cikinsa, har da ƙananan hudojin da ke gefensa. Silin tagulla za ka sa, ban da allurar ɗinki ko wayar ƙarfe, domin suna faɗaɗa hudar, babur ya koma shan mai har abada. Jikin kafiretar ma yana da hanyoyi a ciki. Ka wanke da burushi, ka hura kowace huda da famfon keke ka ji iska ta fita ta wani gefen.

Wajen mayarwa, ka duba robar da ke tsakanin kafireta da inji. In ta tsage, iska za ta riƙa satar hanya, silo ya ƙi zama. Silindar totur tana da tsaga a gefe wadda dole ta hau kan ɗan haƙorin da ke ciki. Bayan ka rufe, ka murɗa totur ka saki: ya kamata ya koma da kansa ka ji ƙas. In bai koma ba kada ka tada injin, ka gyara tukuna ko ka ɗiga mai a wayar.

Soson iska ba ya buƙatar dogon bayani. In ka taɓa shi ya marmashe, sayi sabo. In da sauransa, ka wanke da ruwan sabulu, ya bushe sarai, ka ɗiga masa man inji ka matse. Na takarda ba a wanke shi. Kada ka hau babur babu shi ko na yini ɗaya, ƙurar hunturun garin nan tana cinye zobba.

Wuta

Batirin da ya yi shekara uku a zafin zaure ya mutu, kada ka ɓata kuɗin caji. Wajen cire shi ka fara da waya mai alamar ragi, wajen sa sabo ka ƙare da ita. Lafiyayyen batiri yana nuna kusan bolt 12.6 a mita, in inji na aiki kuma ya hau tsakanin 13.5 da 14.5. Ka duba fis da ke kusa da shi. In ya ƙone ka sa irinsa, kada ka naɗa waya a madadinsa. Da yawa cikin baburanmu suna tashi da kik ko babu batiri, amma yawo a haka yana ƙona ƙwayayen fitila.

Tazarar bakin buji milimita 0.6 zuwa 0.7 ce. Ka sa sabon a hularsa, ka riƙe ta wajen robar, ka jingina ƙarfensa da jikin inji nesa da ramin, ka kunna makulli, wani ya danna kik. A inuwa za ka yi don ka gani sosai. Wuta shuɗiya mai ƙara ɗas-ɗas ake nema. In ja ce mai rauni ko babu, ka bi mahaɗan wayoyi ɗaya bayan ɗaya, ka zare, ka kankare kore-koren da ya taru, ka mayar. A tsarin wayoyin da aka gada daga Honda, koriya ita ce ta jiki, baƙa mai ratsin fari kuma ita ce ke kashe inji. In ka zare wannan ta biyun daga akwatin CDI, mai sakar wa buji wuta a kan lokaci, sai wuta ta dawo, laifin na makulli ne ko maɓallin kashewa. In har yanzu shiru, sai a gwada kwayil da CDI a wurin mai mita. Buji kuma da yatsu ake fara ɗaura shi, sifana ta ƙarasa kaɗan.

Tashi

Ka fito da shi fili. Hayaƙin inji a rufaffen ɗaki yana kisa, kuma gubar da ke cikinsa ba ta da wari. Ka zuba fetur lita 2, ka buɗe famfo, ka jira minti guda kana kallon ƙasan kafireta. In mai na zuba, ka ƙwanƙwasa kofin da bayan sukudireba, sau da yawa allurar ce ba ta zauna ba. Ka goge duk abin da ya zuba. Ka ja cok, ka bar totur, ka yi bismilla ka buga.

Namu a bugu na biyar ya yi tari, a na bakwai ya kama. Inna tana ɗaki ta ji ƙarar, ta fito ta tsaya a bakin ƙofa ba ta ce komai ba, can ta ce, "Allah ya jiƙan mai shi." Muka ce amin.

Zai yi hayaƙi na ƴan mintoci, man da ka zuba ta ramin buji ne ke ƙonewa. Abin da nake roƙonka shi ne kada ka ja masa wuta don jin daɗin ƙara. Ka bar shi a silo, ka mayar da cok in ya ɗumama. Bayan minti 3 ka kashe, ka buɗe murfin saman inji ka gani ko mai ya iso. In wurin a bushe yake, kada ka sake tadawa sai an duba famfon mai na inji. Kuma injin da iska ke sanyaya shi ba a barinsa ya daɗe yana aiki a tsaye.

In ya ƙi tashi bayan bugu goma, ka daina, ka ciro buji. In a bushe yake, mai bai iso ba. In ya jiƙe sharkaf, mai ya yi yawa ko wuta ta yi rauni. Ka shanya shi, ka buɗe totur duka ka buga sau biyar babu buji, ka mayar. In yana mutuwa da ka mayar da cok, ƙaramin jet ne. In yana shaƙewa da ka ja totur, babban jet ne ko soson iska. In ya yi tafiyar minti biyar ya mutu, ya huta ya sake tashi, ka buɗe murfin tanki ka saurara; in ka ji ya ja iska, ƴar hudar numfashin murfin ce ta toshe. Ƙarar kaf-kaf daga saman inji kuma ta bawul ce. Ana saita su inji na sanyi, milimita 0.08 a irin CG125, amma in ba ka da ma'auninsu ka bar wa makanike.

Kafin ka fita titi

Tashin inji rabin aiki ne, kuma ragowar rabin shi ke riƙe da ranka. Kuloci yakan manne bayan dogon zama, ka sa giya babur ya zabura ya mutu. Injin yana kashe, ka sa giya ta biyu, ka matse kuloci, ka tura gaba da baya har ya saki. Kada ka gwada wannan da inji a kunne kana fuskantar bango ko yara.

Ka kwance tayoyin biyu ka buɗe birki. Fatar birki da ta sha danshi tana iya ɓarewa daga ƙarfenta ta cije taya ana cikin gudu. In ka ga alamar rabuwa ko ta siranta, canza. Ka goge tsatsar cikin kwanon birkin da takardar yashi, ka sa giris kaɗan a sandar da ke buɗa fatar, ban da kan fatar. Wayar birki da ta kuloci, in ko sili ɗaya ya tsinke, sabuwa za ka sa.

A gefen taya akwai lambobi huɗu a jere masu nuna makon da shekarar da aka yi ta: 2319 na nufin mako na 23 na 2019. Tayar da ta wuce shekara biyar ko shida, ko wadda gefenta ya tsattsage, ta gama aiki ko da zanenta bai goge ba. Tib ɗin ciki ma ka canza. Sarƙa ka wanke ta da kalanzir da burushi, ka bi ta gaɓa-gaɓa ka ga ko akwai wadda ta ƙage, ka shafa mai, ka bar mata wasa na santimita 2 zuwa 3 a tsakiya. Ka gwada fitilu da oda. Ka nemo kart giriz, wato takardar rajistar babur, ka sabunta inshora da binyet na harajin shekara, ka ɗauki hular kwano.

Fitar farko cikin unguwa na yi ta, a giya ta biyu, ina taka birki kowane ɗan taƙi. Kwana biyu a haka, sannan na kama hanyar Tibiri da sassafe na dawo, ban matsa masa ba. Da na iso gida na bi notunan tayoyi da na salansa da sifana, na tarar da biyu sun saki. Na ajiye shi a kan kwali ya kwana, da safe na ga ɗigo ɗaya daidai ƙarƙashin famfon mai, robar cikinsa ce ta bushe, na canza.

Man da ka zuba da farko na wanki ne, zai kwaso dattin shekarun nan duka. Bayan kamar kilomita 300 ka juye shi inji na da ɗumi, ka sake wanke ragar nan ta bayan babban murfi, ka zuba lita ta biyu da ka tanada. Ƴar matatar tiyo ma ka riƙa leƙa ta a rana. In ka ga jan gari ya taru a ciki, tankin bai gama zubar da tsatsarsa ba, ka sa wata.